Geron da Malam Bawa Ya Hana a Ci

Ina cikin ɗinke buhunan albasa a kasuwar Aliero wani direban Jega ya leƙo ta tagar motarsa ya ce, "Umaru, Malam Bawa ya cika da hantsi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi gonarsa ce ta fara faɗo mini a rai.

Tare muka yi aiki a tsohon gidan injin wuta na bayan gari, kan hanyar Maiyama. Da aka rufe shi aka kwashe injuna, kowa ya kama gabansa, aka bar filin da ya sha baƙin mai da ruwan batir shekara da shekaru. Ko tururuwa ba ta yin gida a wurin. Malam Bawa kaɗai ya zauna. Ya ji a rediyo cewa inda ake rufe tashar nukiliya, mai fara gyaran ƙasa ba shi ke cin amfaninta ba. Ya ce, "To, mu mun ka ɓata tamu, mu ka wanke ta."

A ka yake shiga da taki, don jakinsa togewa yake a bakin filin. Duk damina ya shuka gero don ya tsotse dafin, da kaka ya ƙone shi ƙurmus, ya binne tokar. An kira shi mahaukaci. Abin da yakan ce kawai, "Ran da tsuntsu ya ci, ku ci."

Bana geron ya yi kyan da ke ba ni tsoro, zangarniya kamar damtse. Tsuntsaye sun cinye gonakin maƙwabta, amma in sun iso kan tasa sai su rabu biyu su wuce.

A wurin gaisuwa matarsa, Inna Hajo, ta kira ni gefe. "Umaru, rumbu wayam, ga ɗiya. Mi za mu yi da hatsin ga?"

Na tafi na tsaya cikin gonar, na kasa kunne. Tsit, ba kukan tsuntsu ko ɗaya, sai karan da ke gogar juna.

Na dawo na ce, "Inna, sai haƙuri." Ta laluba aljihun rigar marigayin ta miƙo mini ashana.

Allah ya jiƙan Malam Bawa, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Iyalin da ya bari kuma, ya Allah, ka ciyar da su daga wata gonar.