Hoto Na Wanda Ya Danna Ne

A Kamazou babu wanda bai san Istifanus mai hoto ba, sai dai ban taɓa jin wanda ya ce yana ƙaunarsa ba. Shekara ashirin yana ɗaukar hoton aure da suna da jana'iza, amma da matarsa Rhoda ta rasu, kwana uku ya yi yana neman hotonta guda ɗaya da zai sa a fostar jana'iza.

Abin ya samo asali ne daga wani taron bita da ya je a cikin gari. Magana ɗaya ya riƙo: hoto na wanda ya danna kyamara ne, ba na wanda ya tsaya a gabanta ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ya dawo yana buga sunansa a tsakiyar kowane hoto, wani lokaci a kan goshin amarya. Zai wanke maka kati ɗaya, amma ko za ka mutu ba zai tura maka a waya ba.

Ranar da na fi jin haushinsa ita ce ranar da ya tare Vivian mai kunun zaƙi a ƙofar coci. Laifinta, ta ga hoton zumuntar mata a kan kwamfutarsa ta ɗauka da wayarta, don marigayiya mahaifiyarta tana ciki.

"Madam, goge shi yanzu," in ji shi. "Haƙƙin mallaka ne. Ko sai mun haɗu a kotu?"

Tana kuka ta goge, yana tsaye a kanta.

Abin dariya, manhajar da yake gyaran hoto da ita ta sata ce, babu lasisi, a kasuwa aka ɗora masa. Ita ta kwaso wa kwamfutar cuta. Wata safiya ya kunna, komai ya kulle. Aikin shekara ashirin ya bi ruwa, har da hotunan Rhoda, waɗanda bai taɓa wankewa ba, wai takarda ta kwastoma ce. Bayan wata biyu Rhoda ta yanke jiki ta faɗi a kasuwa, ba ta tashi ba.

Ya bi gida gida yana tambaya. Amsa ɗaya ce: "Ai kai ka sa muka goge." Daga ƙarshe aka ce masa Vivian ta taɓa ɗaukar Rhoda ranar bikin godiyar girbi a coci. Ya je, ya cire hula, ya durƙusa kusa da bokitin kunu.

Ta buɗe wayar ta nuna masa. Ga Rhoda cikin zanen zumunta, riƙe da doya, tana dariyar da bai taɓa kamawa da kyamararsa ba. Ya miƙa hannu zai karɓa.

"Baba Istifanus, wa ya danna?"

"Ke ce."

"To, na wane ne?"

"Naki ne, 'yata. Don Allah."

Ta danna, ta goge, yana kallo. Ba zan ce ta kyauta ba.

Hoton katin zaɓen Rhoda aka ƙara wa girma aka buga. Fuskar ta watse, ko 'ya'yanta sai da suka ƙura ido. A duk fostar, abin da ya fito sarai shi ne sunan mijinta a ƙasa.