Makirufon da aka maƙala wa kakar amarya

Lokacin da noman rani ya kankama a ƙasarmu, bukukuwa suka yawaita. Da an kwashe albasa da tafarnuwa, sai ka ji ɗaurin aure ta ko'ina, daga Wurno har Rabah. A shekarun nan ne na fara ɗaukar bidiyon biki, kuma abin da na fi so shi ne in zaunar da dattawan gida su yi wa ango da amarya magana.

Sai dai makirufon jikin kyamarata ba ya zaɓe. Janareto, kalangu, kukan akuya, duk tare yake kwashewa, muryar mutum ta nutse a ciki. Na ari irin na hannu wurin wani mai wa'azi, amma duk wanda ya riƙe shi sai ya miƙe, ya gyara hula, ya shiga godiya ga manyan baƙi kamar a taron siyasa. Ba a samun hira.

Na tafi Sakkwato wurin wani mai shagon kayan sauti. Ya tambaye ni inda nake aiki, na ce tsakar gida da bakin gulbi, cikin iska da hayaniya. Ya ajiye dogon da ake ɗorawa bisa kyamara, ya ɗauko wani ɗan mitsitsi kamar ƙwarar gyaɗa, wanda ake maƙalawa a wuyan riga. Na raina shi. Ya maƙala mini, ya tura ni bakin titi inda 'yan kabu-kabu ke ta wucewa da baburansu, ya ce in yi magana yadda nake yi da matata. Da na dawo ya kunna, na ji muryata tar, har da tarin da na yi. Nan take na saye shi.

Bikin farko da na je da shi a Goronyo ne, gidan wasu masu sayar da kifi kusa da madatsa. Aka ce kakar amarya ce za ta yi magana, tsohuwa mai ban dariya da kowa ke kira Inna. Da na nufo ta da abin, sai ta ja baya.

"Wanga kuma mi na, ɗana? Ba ka taɓa min wuya, ni da ko mijina sai da ya yi shekara yana jin tsorona."

Mata suka fashe da dariya. Wata malamar asibiti, Kirista 'yar Zuru da ta daɗe tana maƙwabtaka da su, ita ta karɓa ta maƙala mata a bakin mayafi. Na koma nesa da kyamara. Na tambayi Inna nasiha, ta ba ni kalma biyu a taƙaice.

Can sai amarya ta zo ta zauna gefenta, tsohuwa ta manta da ni. Ta kama hannun jikarta tana ba ta labarin ranar da aka kawo ita kanta wannan gari tana amarya, tun ba a yi madatsa ba. Gulbin Rima ya cika, aka ɗora ta bisa babban goran ƙetare ruwa, mai fito yana turawa. A tsakiyar ruwa lulluɓinta ya faɗi, angonta da ke jira a gaɓa ya yi tsalle ya bi shi da sabuwar rigarsa. Ya fito da lulluɓin, amma hularsa ta tafi. Tana faɗi tana dariya, amarya na share hawaye.

Da ta gama na matso na gaya mata duk ya shiga, in tana so in goge.

"Bar shi," in ji ta. "Ɗiyana ma ba su san ubansu ya iya ruwa ba."

Bayan sati na kai kaset. Aka fito da talabijin tsakar gida, maƙwabta suka cika. Babban ɗan Inna, mai furfura, ya sa na maimaita wurin hular har sau da yawa. Da zan tafi suka ɗaure mini busasshen kifi a bayan babur, ƙanshinsa ya bi ni har Wurno.