Gaisuwar Goggo da Maki Biyar

Duk unguwar Dubeli an san ni da keke. Babu kwatar da ban tsallake ba, babu akuyar da ba ta haddace ƙarar sarƙata ba. Saboda haka da na ji wani malamin firamare, mutumin Numan, zai sake shirya gasar keke a wani fili a Nassarawo, ni na fara isa wurin rubuta suna. Karon farko an yi shi ina kwance da zazzaɓi, abokaina biyu suka shiga, kuma tun daga ranar ban huta da surutunsu ba.

Malam ya zaro takarda ya fara karanto dokoki. Wai ba tsere ba ne. An jera tayoyin tifa, kututture, bulo da bututun kwalbati, kowa zai bi ta kansu shi kaɗai. Zango biyar, kowanne minti biyu. Ka sa ƙafa ɗaya a ƙasa, maki ɗaya. Ka sa duka biyu, maki biyar. Kuma mai maki kaɗan shi ya ci.

"Sa, yaushe ake gudun?" na tambaye shi.

"Ba a gudu."

Gasar keke ba gudu! Na haɗiye. Ya ce dole birki biyu su kama. Ni kuwa birkina silifas ne, ina danna shi a tayar baya, kuma bai taɓa ba ni kunya ba sai sau huɗu. Haka na kai wa mai gyara ya sa mini na gaske. Ya ce dole hular kwano. Na aro ta wurin maƙwabcinmu da ya taɓa yin acaɓa, sai da muka kori kaza daga ciki. Ya ce dole sa hannun uba. Baba ya sa, bayan wa'azin da ya fi takardar tsawo.

Duk wannan na jure. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne aji. Aji uku ne: fari, kore, ja. Wanda bai taɓa shiga ba, fari.

"Sa, ni fa? Ni da nake hawa matattakalar shagon mai kayan keke da taya ɗaya?"

"Ka taɓa shiga?"

"Ba ni da lafiya ne!"

"Allah ya ƙara sauƙi. Fari."

Na waiga na ga 'yan ajina. Wallahi akwai wanda aka kawo a goye. To, ba a goye ba, amma uwarsa na riƙe da robar ruwansa. Shekarata goma sha biyar, gashin baki ya fara leƙowa, aka liƙa mini farar takarda a gaban keke. Abokaina masu kore suka zo suna tambaya ko in ce a sayo mini alewa. Malam ya ce ukun farko a fari su ake ɗagawa zuwa kore. Shi ke nan abin da ya kawo ni: in fita daga cikin yaran nan.

Ranar gasa rana ta buɗe irin ta Yola, hular kwano ta zama tukunya, ga warin kaza. Amma na yi ƙoƙari, ba yabon kai ba. Zango huɗu, maki biyu kacal. Wata yarinya 'yar Yolde Kohi, wadda ba ta kai kafaɗata ba, tana da ɗaya. Ni ne na biyu. In na wuce zangon ƙarshe ko da maki biyu ne, na shiga kore.

Zangon ƙarshe shi ne bututun kwalbati. Ka hau ta katako, ka tsaya a sama, ka juya, ka sauko ta tayoyi. Na hau lafiya. Ina sama, na danne birki, keke ya tsaya cak, ina neman hanyar juyawa, sai na ji murya daga bakin igiyar da aka kewaye filin da ita.

"Kai, ɗan nan! Kai ne a can?"

Goggo. Yayar Baba. Ta dawo daga barkar suna ta ga taro, ta ratso da lemarta har gaba.

A gidanmu akwai doka ɗaya da ta girmi duk na Malam: ba a gaida babba daga kan keke. Ka sauka, ka durƙusa. Baba ya taɓa kulle kekena wata guda saboda na ɗaga wa liman hannu ina wucewa. Goggo kuwa ta fi liman saurin kai ƙara.

"Ina wuni, Goggo," na ce, ina rawa a kan bututu.

"Jam ɓandu na?" Ta koma Fillanci, alamar gaisuwar ba ta kusa ƙarewa ba.

"Jam, Goggo."

"Ya babanka? Ya ƙafar tasa?"

"Da sauƙi, Goggo."

"Saura minti ɗaya," in ji Malam.

"Ya innarka? Ta samu saƙona na daddawa?"

Cinyoyina suna karkarwa. Gumi na shiga ido. Ban taɓa tsayuwa a kan keke haka ba a rayuwata, har mutane suka fara tafi. Sai ta ja lema baya, ta ƙare mini kallo daga hula zuwa taya.

"Wai da ni kake magana daga sama?"

Na dubi Malam. Malam ya dubi takardarsa, kamar yau ya fara ganinta. Na sauke ƙafa biyu a kan bututu, na rungume keke, na durƙusa a can sama kamar biri a kan katanga.

"Yawwa," in ji Goggo. "Allah ya yi albarka."

Abin da ya fi ƙona mini rai, Malam da kansa ya rusuna ya ce, "Sannu da zuwa, Mama," da hannu ɗaya a ƙirji. Ɗaya hannun kuma yana sama, yatsu biyar a buɗe.

Na bi shi har inuwa. "Sa, ai ka gani da idonka. Ba faɗuwa na yi ba, gaisuwa ce."

"Na gani. Ka kyauta ƙwarai."

"To a cire mana."

"Takarda ta ce ƙafa biyu. Ba ta ce don me ba."

Maki bakwai, na zo na biyar. Yarinyar ta ci, aka ɗaga ta zuwa kore tare da mai robar ruwa. Ni aka bar ni a fari. Abokaina suka raka ni gida, duk wanda muka wuce a hanya, ko yaro ne, sai su ce in sauka in gaishe shi.

Na tarar Goggo ta riga ni isa, tana zaune a tabarma tana ba Baba labari.

"Yaron nan yana da tarbiyya, ka gode wa Allah," ta ce. "Sai dai keken ne bai iya ba. Yara ƙanana duk suka wuce abinsu, shi kaɗai na ga ya sauka."

Baba ya gyaɗa kai ya ce dama ya sha faɗa mini in rage rawar kai in koya sosai.