Daɓen Tudun Mai Jifa

A shekarun tamanin ina sayar da atamfa a Goutte d'Or, cikin Paris, ɗan ƙanwata kuma yana karatu a Lyon. Can ya faɗa wasan besbol, wanda ko a cikin Faransawa kaɗan suka san shi. Ni na riga na gan shi a Japan. Mai jifa yakan hau ɗan tudu a tsakiyar fili, ya ɗaga ƙafar hagu, ya dire ta gaba da ƙarfi, sannan ya saki ƙwallo wajen mai sanda. Daga ƙafa jifa take tasowa, hannu rakiya yake yi mata.

Wata Laraba ya kira ni a tarho. "Kawu, cire ni za su yi. In jifata ta sake kaucewa ran Lahadi, shi ke nan."

Washegari na hau jirgin ƙasa. Da na ga tudun nasu, dariya ta kusa ƙwace mini. Yashi suka tula kawai. Yaron ya dire ƙafa ta zurma, ƙwallo ta yi sama. Mai horar da su, wani Bafaranshe mai ƙaton gashin baki, ya ce hannun yaron ne ba ya saiti. Na ce ya bar mini tudun zuwa Asabar.

Na samo jar laka wajen masu ginin tukwane, na jiƙa, na tuɓe takalmi na tattake ta. Ina shimfiɗawa kaɗan-kaɗan, ina yayyafa ruwa, ina bugu da guntun katako, yadda na ga mahaifiyata da maƙwabtanta suna daɓen ɗaki a Damagaram. Makuba kaɗai na rasa, jiƙon ɓawon ɗorawa da ake ƙarfafa daɓe da shi.

"Kawu, daɓe fa aikin mata ne. In Inna ta ji!"

"Ta ji mana. Kai dai riƙe bokiti, mai jifar tsuntsaye."

Sai hannu ya zarce, na goge shi sumul kamar za a shimfiɗa tabarma. Ya gwada jifa ɗaya, ya zame, ya faɗi zaune. Dole na karce wurin dirar da manjagara, na barbaɗa busasshiyar ƙasa.

Ran Lahadi ƙafarsa ta dira ta tsaya cak. Mutum uku a jere suka kaɗa sanda suka bugi iska, kuma mai gashin bakin bai cire shi ba har aka tashi. Ina kan benci, tafin hannuna duk kanta, ina gaya wa wata tsohuwa da ban sani ba, da Faransanci, cewa wancan ɗana ne, ƙasar da yake takawa kuma ni na daɓe ta.