Sai Ran da Wasan Ya Ƙare

Ban taɓa sha'awar tsaron raga ba. Ɗan gaba ne ni tun ina yaro, a filin da ke bayan kara, kasuwar dabbobi, a Illela, inda muke buga ƙwallo muna tsallake kashin shanu. Amma ranar da zan tafi kwaleji a Sakkwato, mahaifina, wanda har mu 'ya'yansa Malam muke ce masa saboda makarantar allo da yake riƙe da ita a ƙofar gida, ya ce bai hana ni ƙwallo ba, sai dai kada gwiwata ta fito waje, al'aura ce. A gasar sassa ta kwaleji kuwa gola kaɗai aka yarje wa dogon wando. Haka na zama golan Sashen Larabci, sashen da ake kora tun wasan farko kowace shekara. Abokan wasa suka laƙaba mini Liman, wai ni ke jan sallar gawa idan an lallasa mu.

A shekarata ta biyu, saura kwana goma a fara gasa, Malam ya rasu. Na iso Illela an riga an kai shi. Na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, mutane daga Kalmalo, daga Tozai, daga Ƙonni, kowa ya miƙo hannu na miƙa nawa. Ban yi kuka ba, kuma ba dauriya ba ce. Babu abin da nake ji, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Bayan addu'ar bakwai, Baffa, ƙanen Malam, ya kira ni gefe. Ɗan kasuwa ne, rabin rayuwarsa a kan hanyar iyaka take.

"Ɗana, ni ban iya riƙon makaranta. Kai na babba, kai ka karatu. Ka aje boko ka taho gida."

Na san ba shawara yake nema ba. Abin da ya zo bakina shi na faɗa: "Baffa, na yi ma mutane alkawali. Akwai wasan da za mu yi, kuma ba su da wani gola."

Ya juya carbinsa. A gidanmu ba a wasa da alkawari, ko da na ƙwallo ne.

"To, alkawali kaya na. Ran da wasan ga yaƙ ƙare, ka taho."

Shi a zatonsa wasa ɗaya ne. Ni kuma ban gaya masa ba cewa gasar sili-ɗaya-ƙwale ce, wasa huɗu, duk Asabar, wanda aka ci ya fita. Muddin ba a fitar da mu ba, ni ɗalibi ne.

Na koma. Ina shiga aji, ina rubuta abin da malami ya faɗa, ban san me na rubuta ba. Abinci sai na ga kwano ya ƙare sannan in san na ci. Abu ɗaya ne jikina yake ganewa: bayan sallar asuba in zaga fili sau goma, da la'asar in tsaya tsakanin ƙarfe biyu a yi ta dankara mini ƙwallo. Idan ta doki ƙirjina ko ta lanƙwasa mini yatsa, nakan ji wani abu kaɗan, shi ya sa nake cewa a ƙara.

Asabar ta farko muka ci Sashen Lissafi ɗaya da nema. Ta biyu muka fitar da 'yan Turanci, masu rigar wasa iri ɗaya da surutu kamar kanari. Mutane suka fara zuwa kallon Liman. Ba wata gwaninta na ƙaro ba, tsoro ne babu. Da ina kare fuskata idan ɗan gaba ya taho da gudu, yanzu ƙarƙashin takalminsa nake faɗawa.

Kyaftin ɗinmu, wani dogon Basakkwace mai son raha, ya ce mini, "Kai Liman, mi ka damunka? Mun ci, kowa na murna, kai kana tsaye awa an dasa ka."

Na ce gajiya ce. Ya san Malam ya rasu, amma bai san maganar Baffa ba. Ba wanda ya sani.

Duk daren Asabar Baffa zai bugo waya. "An ƙare?" In ce saura. Ya ce, "Wanga wane irin wasa na da ba shi ƙarewa?" Ƙanena na biyu ne ke lallaɓa makarantar, kuma iyaye sun fara janye 'ya'yansu. Na ji wannan ma, na ce Allah Ya kyauta, na kashe waya.

Muka tsallake Asabar ta uku, muka kai wasan ƙarshe da Sashen Motsa Jiki, waɗanda ƙwallo ce karatunsu. A cikin makon wani tsohon ɗalibi ya ce a zamaninsu idan aka yi canjaras a wasan ƙarshe, sake bugawa ake yi mako mai zuwa. Ban tambayi kowa ba, na riƙe maganar. Ban shiga fili don kofi ba, mako ɗaya nake nema. Na tare ta sama, na tare ta ƙasa, leɓena ya fashe. Sau biyu ɗan gabanmu ya kusa ci, na ji ina fatan ya ɓarar, ya kuwa ɓarar. Aka tashi babu ci.

Na nufi alƙalin wasa na ce, "Malam, sai Asabar ke nan?"

Ya dube ni kamar na yi masa Faransanci. "Wace Asabar? Koma raga, fenariti za a buga."

Na koma. A nan na gane ko mun ci ko an ci mu, yau ne. Ban zaɓi ɓangare ba, ban karanta ƙafar kowa ba. Jikina ne ya yi aikin da ya saba. Na ƙarshensu ya buga dama, na faɗi dama, ƙwallo ta manne a cikina. Na kwanta a kanta ban tashi ba, har suka zo suka ɗaga ni sama suna "Liman! Liman!" Daga can sama na ga ajujuwanmu, da ɗakin karatu, da tankin ruwan da nake alwala. Na so in ji baƙin ciki, ko haushin Baffa, ko daɗin kofin. Ƙishirwa kawai nake ji.

Ban jira ya bugo ba. Na koma bayan raga, na cire safar hannu, na kira shi.

"Baffa, an ƙare."

"To. Kun ci ko an ci ku?"

"Mun ci."

"Madalla," ya ce. "Gobe kasuwar Illela ta, mota ba ta wuya."