Moton da Yayata ke Ji Tun Daga Rijiya

Yayata ce ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ita ce kuma ta riƙe hannuna har ƙofar makarantar allo ranar da na fara karatu. Yanzu tana zaune gidan babban ɗanta, a wani ƙauye gaba da Hawandawaki, kuma idanunta sun daɗe da tafiya. Ni ina Tasawa, ina da ƴar rumfa a bakin kasuwa inda nake sayar da littattafan addini da turare da tasbaha. Kowace Alhamis nakan rufe rumfar in je in gaishe ta. Idan mako ya wuce ban sha faɗanta ba, sai in ji kamar na ci tuwo babu gishiri.

Abin hawana a da wani tsohon moto ne, wato babur, wanda ƙararsa ta fi gudunsa. Ya yi mini hidima, Allah ya sani, amma tsufa ya cim masa daidai lokacin da esansi, wato fetur, ya yi tsada. Ya sha mace mini a tsakiyar yashi, in sauka in tura shi da rana tsaka, ga shekaru. Da na fara tsallake Alhamis ɗaya, sai ta zama biyu, sai saƙo ya zo daga ƙauye cewa tana tambaya ko ta yi mini wani laifi ne. Wannan saƙon ya tsaya mini a rai. Ɗana da ke aiki a Maraɗi ya ce in je in zaɓi moto mai aiki da kuran, wato lantarki, shi zai biya.

Mai shagon da na je wani matashi ne mai fara'a. Iri biyu gare shi, ja da fari, kuɗinsu ɗaya. Da ɗaya ya fi ɗaya araha ko da kaɗan, da na ɗauki mai arahar na koma gida na yi barcina. Ya miƙo mini takardunsu, na ce ya riƙe abinsa, Faransanci ne, ni kuwa karatuna na allo ne da ajami, ya faɗa mini da baki. Ya ce jan injinsa a cikin tayar baya yake, ba ya ko tari, kuma yana nisa da caji guda, sai dai batirinsa ba ya cirewa. Farin yana da sarƙa irin ta tsohon motona, yana ɗan kuka idan yana tafiya, ba ya kai jan nisa, amma ana zare batirinsa kamar akwati a kai shi caji. Ya rage murya ya ce shi da shi ne, jan zai ɗauka.

Na yi istihara, zuciyata ba ta karkata ko'ina ba. Sai na kira abokina, mutumin Isawan, wanda ya tsufa yana dillancin raƙuma. Ya zo da rawaninsa, ya zagaya motocin nan a hankali, ya durƙusa ya matsa tayoyinsu kamar mai duba tafin raƙumi, ya leƙa ƙarƙashin fitila. Mai shago ya tambaye shi abin da yake nema, ya ce haƙora. Da ya miƙe ya ce da ni dabbar tafiya tambaya ɗaya ake yi a kanta, wato yaya take jure ƙishirwa, saboda haka ja. Amma ya ƙara da cewa a sana'arsu ba a sallama dabba sai mai saye ya taka da ita a irin hanyar da zai riƙa bi. Ya zauna wa matashin nan da magana har ya yarda in ɗauki kowanne in je ƙauye da shi sau ɗaya, tunda rumfata ba ta gudu.

Na fara da jan. Gaskiya na ji daɗinsa. Bayan kaka ne, gonaki sun zama karan hatsi, ina tafe ina jin kukan kurciya a kan gawo, ina jin tasbihin bakina. Awaki ko kallona ba su yi ba. Wata mata da itace a ka sai da na wuce ta sannan ta yi salati.

Na jingine shi a ƙofar gida, na yi sallama, na shiga. Na tarar da yayata zaune a kan wata tsohuwar tabarma, da ɗankwalin aiki a kanta, tana ɓarar gyaɗa. Ta ɗaga kai.

"Auta? Da ƙafa ka zo?"

"Da moto, Yaya. Sabo ne, na kuran."

"Wane irin moto ne wannan da ke shigo wa mutane gida kamar mage?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Sai da aka kawo ruwa na sha sannan ta faɗa mini abin da duk shekarun nan ban sani ba. Ashe tsohon motona tun daga gawayen bakin rijiya take jiyo shi. Da ta ji, sai ta sa surukarta ta dama fura, a ɗauko mata mayafinta na fita kunya, a shimfiɗa sabuwar tabarma, ita kuma ta zauna tana saurarensa yana matsowa, yana tari a hawan tudu, yana sassautawa a kwanar rumbuna.

"Ni ba ganinka nake yi ba," in ji ta. "Zuwan naka nake ji. Yau ka ɗauke mini rabin ziyarar."

Na ce ai yana da oda, zan riƙa danna mata daga rijiya. Ta ce ita ba fasinjar tasha ba ce da ƙaninta zai kira ta da oda. Bayan azahar na yi haramar komawa, tunda ko rabin cajinsa bai sha ba. Ta ce wato har da saurin tafiya ya koya mini.

Alhamis ta gaba na ɗauki farin, abokina ya hau baya don ya ga ƙarshen gardama da idonsa. Da muka shiga yashi sai ya fara wani siririn kuka, sarƙar na amsa masa. Abokina ya ce wannan ko ɗan taguwar da aka raba da uwarsa sai haka. Muna isa ƙofar gida na hango sabuwar tabarma ta cikin zaure. Yaya na zaune da mayafinta, ƙwaryar fura a gefe an rufe da faifai. Ta ce muryarsa ba ta kai ta tsohon ba, kamar ango ne mai jin kunyar surukai, amma ta jiyo shi, kuma ta san ni ne.

Sai dai da na duba alamar caji, na ga abin da ya rage ba zai mai da mu Tasawa ba. Yashi da nauyin mutum biyu sun shanye shi. Abokina ya gyara rawani, ya ce da ma ya faɗa. Ɗan yayata ya zare batirin ya kai wa wani mai shago da ke da manyan farantan hasken rana, wanda ke yi wa ƙauyen cajin waya da sanyaya ruwa. Ya dawo ya ce sai bayan la'asar zai cika.

"Kullum ya zo haka za a yi?" Yaya ta tambaya.

Aka ce mata ƙila ko ni kaɗai ne, sai na ƙara caji kafin in koma.

"To, an gama ciniki," in ji ta.

Ranar mun yi azahar da la'asar a masallacin ƙauyen. Abokina ya sha fura ya miƙe a gindin bedi ya yi barcin da ya ce rabonsa da irinsa tun yana kiwo. Ni da Yaya muka zauna babu mai duban rana. Ta ba ni labarin yadda innarmu take rera waƙa a bakin turmi, da ranar da na ɓace aka same ni ina barci cikin rumbu, abubuwan da gajeriyar ziyara ba ta taɓa kai mu gare su ba.

Da na ce wa mai shagon moto farin nake so, ya tambaye ni har sau biyu ko na tabbata. Ɗana ma a waya ya ce, Baba, kuɗi ɗaya ka bar mai nisa ka ɗauki mai kuka? Na ce masa goggonsa ce ta zaɓa, ya kira ta ya yi mata bayani in yana iyawa. Bai kira ba.

Har yau abokina idan ya gan ni sai ya tambayi lafiyar raƙumina mai tsayawa kowace rijiya. Na gode wa Allah, tun da na saye shi Alhamis ba ta wuce ni ba sai da lalura. Kwanan baya na ji Yaya tana ba surukarta ƙwaryar fura ta aika wa mai farantan nan, tana cewa a gaishe shi, kuma a ce masa kada ya matsa wa batirin, ya bar shi ya sha a hankali.