Hudu Mai Weji da Haddar Alamomin Hanya

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai raba rabo tsakanin bayinsa da hikimar da Shi kaɗai Ya san ta, wanda Yake buɗe wa wani ƙofa Ya rufe wa wani, ba a kuwa tambayarsa dalili. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan taƙaitaccen labari ne na Hudu ɗan Mamuda, mutumin Dabawa ta ƙasar Dutsin-Ma, wanda mutanen tasha suka fi sani da Hudu Mai Weji.

Tare muka yi karatun allo da shi a zauren mahaifina. Allah Ya ba shi ƙarfin hadda irin wanda ban cika gani ba: abin da aka biya masa da hantsi, kafin azahar ya zauna daram. Sai dai haddarsa daga farkonta kaɗai ake kama ta. In aka ɗauko masa aya daga tsakiyar sura aka ce ya ci gaba, sai ya yi tsuru, ya koma farko, ya biyo ta tiryan-tiryan har ya iso wurin. Mahaifina ya yi fama da shi a kan wannan har ya gaji, daga baya ya ƙyale shi, ya ce tun da dai yana isowa, ba wanda ke korarsa.

Da mahaifin Hudu ya rasu, gonar da aka bari ba ta isa ciyar da gida ba, sai ya ajiye allo ya shiga Dutsin-Ma neman abin yi. A farkon shekarun alif ɗari tara da hamsin ya zama karen mota a babbar motar Alhaji Maniru, ɗan kasuwa mai sayen gyaɗa da dawa, wadda ke bi ta Kurfi zuwa Katsina. Shi ne mai lodi da ɗaurin igiya, shi ne mai murɗa hannun tada mota, shi ne kuma mai weji, wato guntun katakon da ake dirowa da shi a guje a cusa bayan taya in mota ta tsaya a hawa, don kada ta silalo baya. Direban motar, wani dattijo mai barkwanci da ake kira Ilu, ya ga natsuwarsa ya koya masa tuƙi. Ba a jima ba ya zamana da zarar sun fita gari Ilu ya kan miƙa masa sitiyari ya ja hula kan fuskarsa, sai sun doshi Katsina, inda 'yan doka suke tsayawa, sannan su sauya wuri. A haka Hudu ya auri Barira, suka haifi 'ya'ya, furfura ta fara fito masa a gemu, yana tuƙa motar da hukuma ba ta san yana tuƙawa ba.

Bayan samun mulkin kai idon Ilu ya fara rauni. Alhaji Maniru ya kira Hudu zaurensa ya ce: "Ilu zai sauka. Ba wanda nake so ya riƙe mini motar nan in ba kai ba. Amma ba na ba da mota ga wanda bai da lasisi. Ka tafi Katsina ka samo shi, mabuɗi naka ne."

Gwajin kashi biyu ne: a ga tuƙin mutum, sannan a jarraba shi kan alamomin hanya. Mai boko ya rubuta amsa, wanda bai da shi a tsayar da shi gaban zanen alamomin a tambaye shi da baki. Tuƙi bai dami Hudu ba. Alamomin ne bai sani ba, domin hanyarsu ba ta da su sai jefi-jefi. Shi da kuka da dutse da rafi ya san ta. Sai ya nemi Yero, mai awon gyaɗar Alhaji, magidanci da ya yi elementare a Kurfi, wanda Hudun ne da kansa yake koya masa tuƙi in an sami sarari. Yero ya karanta masa ɗan littafin dokokin hanya, shi kuwa ya ɗauko tsohon allonsa, ya zana kowace alama da tawada, ya rubuta ma'anarta da ajami a ƙarƙashi, ɗaya na bin ɗaya kamar yadda suka zo a littafin. Sannan ya yi abin da ya iya kaɗai: ya tanƙwashe ƙafa, ya riƙa rangaji, ya haddace su da muryar tilawa.

Mutanen tasha suka sami abin nishaɗi. Ilu ya kan leƙo ya ce: "Gafarta malam, yau izu nawa aka sauke? In ka gama ka wanke ka sha, ƙaramar gada ma in ta hango ka sai ta buɗe."

Hudu ya ce: "Maigida, kai da ka sha naka tuntuni, ai ga shi jaki ma ba ka gani sai ya gaishe ka."

Ilu ne ya raka shi Katsina, daga bakinsa kuma na ji yadda aka yi. Tuƙi dai Hudu ya yi shi ba makusa, har ya shigar da motar da baya tsakanin ganguna bai taɓa ko ɗaya ba. Sai aka shiga ɗakin tambaya. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, mai gwajin direbobi, wani mutum mai haƙuri, ya ce ya tashi ya zauna kan benci. Ya ɗaga sanda ya nuna wata alama a tsakiyar zanen da ke bango.

"Wannan fa?"

Hudu ya rufe ido, ya fara rangaji. "Ta farko, kwana zuwa dama. Ta biyu, kwana zuwa hagu. Ta uku..."

Masu jiran layi a bakin ƙofa suka fashe da dariya.

"Malam, wannan na tambaye ka."

"Tana nan tafe, ranka ya daɗe." Da yake an katse shi, sai ya koma farko. "Ta farko, kwana zuwa dama..."

Mai gwajin ya ajiye sanda, ya bar shi ya biyo su har ya iso wurin, ya faɗi amsa daidai: ƙaramar gada a gaba. Sannan ya ce masa: "Na ga tuƙinka, ba ni da ta cewa. Amma in ka ga wannan a bakin hanyar da ba ka sani ba, da lodin gyaɗa a bayanka, gadar ba za ta jira ka iso gare ta cikin karatu ba. Ka je ka sake shiri."

Gaskiya mutumin ya faɗa, Hudu ma bai taɓa cewa an zalunce shi ba. Ya zo Dabawa ya same ni, ya ajiye allon a gabana ya ce: "Malam, ka raba mini su." Na gwada abin da mahaifina ya gwada tun muna yara. Na rufe sama da ƙasa da tafin hannu na bar masa ɗaya. Na biya masa su daga ƙarshe zuwa farko, sai ya haddace wannan jerin ma, ya zama yana da hadda biyu maimakon ɗaya. Barira ta farfasa tsohuwar ƙwarya, aka zana alama ɗaya a kan kowace sakaina, ta kan zuba su a faifai ta girgiza ta zaro masa ɗaya yana cin tuwo. Ya kan dube ta, leɓɓansa na motsi a ɓoye, can sai ya faɗa. Ya ƙara sauri ƙwarai, amma ko yaushe sai ya faro daga kwana zuwa dama. Na yi masa addu'a, ita ce abin da ya rage a hannuna.

Kakar gyaɗa ta kawo kai. Ilu ya kusa afka wa garken shanu kusa da Kurfi, Alhaji ya ce ba zai ƙara hawa motarsa ba. Da Hudu zai koma Katsina, Alhaji ya ce Yero ma ya bi shi ya gwada sa'arsa, ko don gaba.

Alamomin farko da aka nuna wa Hudu ya cim musu, yana gudu a zuci bakinsa a rufe. Sai sanda ta sauka kan wata da ke can ƙarshen jerinsa. Ya kama hanya zuwa gare ta, a tsakiya wani ya buɗe ƙofa da ƙarfi. Ya koma farko. Ya sake tafiya, ya ga ido a kansa, ya sake tuntuɓe. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

"Ta tsinke, ranka ya daɗe," in ji shi.

Yero kuwa ya rubuta amsarsa a ɗaya ɗakin, ya ci.

Alhaji Maniru bai iya haɗa ido da Hudu ba ranar da ya ba Yero mabuɗi. Buhuna sun cika masa zaure, ba shi da halin jira. Yero ya tsaya a gindin mota yana jujjuya mabuɗin a hannu, ya ce: "Yaya Hudu, wallahi ba haka na so ba."

Hudu ya ce: "Ka riƙa sauke giya kafin gangare, kana yawan danne birki. Hau mu tafi, rana na yi." Ya ɗauki wejinsa ya haye bayan mota.

Ya sake zuwa Katsina bayan wannan, ya dawo ba lasisi, ba wanda kuma ya tambaye shi. Yero, Allah Ya saka masa, ya so ya riƙa ba shi sitiyari a daji kamar yadda Ilu yake yi, Hudu ya ƙi, ya ce an amince wa Yero ne, ba shi ba. Ya ci gaba da dirowa da weji a bayan wanda ya koya wa tuƙi, har zuwa ƙarshen shekarun sittin, lokacin da gwiwoyinsa suka daina ɗaukar dirar. Sai ya komo Dabawa, ga 'yar gonar da ya bari.

Wata rana bayan la'asar ya shigo zaurena da allon a hammata. Ya biya mini alamomin nan daga farko har ƙarshe, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan ya nemi ruwa ya wanke allon da hannunsa, ya zubar da ruwan a gindin katanga, ya jingine shi a rana. Da ya bushe ya miƙo mini ya ce: "Malam, rubuta mini daga inda na tsaya wajen mahaifinka." Na rubuta masa. Bai kai ga sauke wannan surar ba ciwon ajali ya kama shi.

Ya Allah, bawanka Hudu ɗan Mamuda ya iso gare Ka, Kai ne kuwa Mai haƙuri da mai nawa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka tabbatar da harshensa a wurin tambayar kabari, Ka sanya amsa ta zo masa da sauƙi, Ka albarkaci Barira da zuriyarsu. Amin.